Rufin Kwanon da Na Yi wa Maƙerar Baba

Makullin garejin da nake ƙira a ciki yana aljihun babban ɗana, kuma ya ce ba zai ba ni ba. Shi ne na fari, ba na kama sunansa. Ma'aikacin asibiti ne a nan Ƙanƙara, mutanen unguwa suna ce masa Likita, ni ma haka nake ce masa idan ina son in ja shi da tsokana. Ya karɓe makullin ne ranar da jiri ya ɗebe ni ina tsakiyar dukan ruwan hauya, na zube a kan buhun gawayi. Ya ɗaura mini abin awonsa a damtse, ya duba, ya girgiza kai, ya ce zafin ɗakin nan zai kashe ni, ƙira ta ƙare, in zauna in huta kamar sauran tsofaffi. Ban yi masa musu a kan zafi ba, don na san zafi tun ba a san za a haife shi ba. Zaman ne ban yarda da shi ba, kuma dalilina yana can baya, a wani ƙauye kusa da Sheme wanda yanzu ko kaza ba ta kwana a cikinsa.

Maƙerar Baba tana ƙofar gidanmu, gefen wata tsohuwar tsamiya. Ba ɗaki ba ce, rumfa ce: itatuwan ƙirya a kafe, jinka mai kauri a sama, katanga iya gwiwa, gabas da yamma a buɗe. Duk wanda ya wuce yana ganinmu, iska ma haka take shiga ta nan ta fita ta can. Har yau idan na rufe ido ina jin numfashin zugazugin fatar akuya a ƙarƙashin hannuna, da amon masaba a kan uwar maƙera, wanda ke canza murya idan ƙarfe ya fara hucewa. Aikina na farko kullum ba wuta ba ne, ruwa ne. Kafin rana ta leƙo zan ɗebo daga rijiya in yayyafa wa daɓen rumfar har ƙasa ta yi ƙamshi, in cika randar da aka binne iya wuya cikin jiƙaƙƙen yashi a kusurwa, in zuba wa yashin ma nasa rabon. Ruwan randar nan ko a tsakiyar bazara yana kama haƙori. Kowannenmu yana da tsumma da yake tsomawa ya rataya a wuya, idan hantsi ya yi kuma Inna ta aiko da farau-farau mai tsamiya da ɗan gishiri. Baba ba ya barin a yi masa shan raƙumi. Kurɓa kaɗan, ajiye, koma aiki, sake kurɓa, haka har a tashi.

Akwai wani dutse da Baba ya dasa a gindin tsamiyar nan, shi ne agogonmu. Da safe inuwa tana lulluɓe da shi. Idan inuwar ta janye rana ta taɓa dutsen, to aikin wuta ya ƙare, ko da ƙarfe yana ja a bakin awartaki. Sai a rufe garwashi da toka a koma ƙarƙashin bishiya a yi aikin sanyi, wato sassaƙa ƙota, da wasa lauje, da hira, har a yi la'asar sannan a sake tada wuta. Bazara kuwa ita ce kakar maƙeri, don kowa yana son hauyarsa da galmarsa da sunguminsa kafin ruwan farko ya sauka. Na sha ganin manomi ya taho tun daga 'Yankara a ƙafa, ya iso rana ta riga ta taɓa dutse, ya yi magiya har ya gaji. Baba sai ya miƙa masa moɗar ruwa ya ce ya zauna, wuta ta kwanta, ba a tada ta yanzu. Abu ɗaya kuma ya nanata mini har na haddace. Ya ce muddin zufa tana zuba, mutum yana nan lafiya. Ranar da na ga bayan mai aiki ya bushe alhali wuta tana ci, in ƙwace masabar daga hannunsa ko da shi ne, kada in tsaya neman izini.

Yaran yanzu masu walda ina kallonsu daga nan inda nake. Sun shige wani akwatin ƙarfe da suke kira shago, rana tana tsaka suna ta feshin wuta, su fito su juye ruwan firji a ciki gaba ɗaya, su haɗiyi ƙwayar ciwon kai su koma. Ba na zaginsu, don babu wanda ya dasa musu dutse, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya isa ya yi wa wani dariya a kan rufin kwano.

Shekarar da gemuna ya fara tsirowa na tafi cin rani Funtuwa, na yi dakon auduga. A can na ga shaguna jere da rufin kwano yana walƙiya, sai rumfar Baba ta zame mini abin kunya a zuciya. A ƙauyenmu a lokacin masallaci ne kawai da gidan mai gari ke da kwano. Na dawo da nawa a bayan motar kaya, na tarar Baba ya tafi Sabuwa ta'aziyyar wani amininsa, zai yi kwanaki. Inna ta ce in jira shi ya dawo. Ni kuwa so nake ya dawo ya tarar da abin mamaki. Na tara abokaina muka yaye jinkar nan da ta girme ni, muka ɗaga katangar har sama ta kowane gefe, muka bar ƙofa ɗaya da 'yar taga. Da yake kwanon bai da yawa, muka yi rufin ƙasa-ƙasa, dogon mutum yana iya taɓa shi da tafin hannu. Duk garin ya zo kallo. Tsofaffi suna shafa bangon suna cewa yanzu maƙera ta zama maƙera, ni kuma kaina ya kumbura har hulata ta kusa ƙin shiga.

Tun Baba bai iso gida ba aka tare shi a hanya ana yi masa barka, ana ce masa Allah ya ba shi ɗa. Ya zo ya tsaya a gaban ginin ya daɗe yana kallo. Ya shiga ciki, ya ɗaga hannu kusa da kwanon bai taɓa ba, ya sauke hannun. Mutane sun cika ƙofa suna jiran abin da zai faɗa. Ya juyo ya ce mini, "Allah shi yi maka albarka." Iyakar maganarsa ke nan, ni kuma na ɗauka yabo ne. Sai da na girma na gane abin da ya tsaya masa a wuya. Gari ya riga ya gani, gari ya riga ya yi barka. Idan ya ce a sauke kwanon, ya faɗa wa kowa ke nan cewa ɗansa na fari wawa ne. Mu kuwa a wajenmu uba da ɗan fari ko ido ba su cika haɗawa ba, balle su zauna su faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci.

Haka muka shiga bazara a cikin ɗakin nan. Tun hantsi kwano zai fara ƙas-ƙas a kanmu yana miƙewa. Wuta a ƙasa, wuta a sama. Ruwan da nake yayyafawa da safe ya daina sanyaya komai, sai dai ya tashi ya zama tururi ya tsaya mana a ƙirji. Hayaƙi ya rasa hanyar fita. Ruwan randa ya koma kamar wanda aka ɗumama wa mai jego. Da farko Baba ya riƙa tashi tun kafin rana ta taɓa dutse, sai aiki ya taru, tarin hauya a kusurwa ya kai ƙugu. Ana nan hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, manoma suka riƙa zuwa suna zama a jere a gindin tsamiya, kallon sama kawai suke yi suna kallon ƙofarmu. Wata rana rana ta taɓa dutse, na leƙa na gani, Baba ma ya leƙa ya gani, ya sake cusa ƙarfe a wuta.

Ina kan zuga, shi yana gabana ya ba ni baya. Bayan nan da na saba gani yana tsiyaya, na ga ya bushe ƙayau, har gishirin zufa ya fito fari-fari a kafaɗunsa. Na san abin da aka ce in yi. Hannuna ya tsaya a kan zugazugi, bakina ya buɗe, sannan na rufe shi. Idan na ce Baba zafi ya yi yawa, na ce kwanona ne ke nan. Sai na ce wa kaina bari ya gama wannan ɗaya. Ya gama, ya ɗauki wata. Can ya juyo yana tambayata ina awartaki, alhali awartakin yana hannunsa, idonsa kuma ba ni yake kallo ba. Kafin in miƙe ya tafi ta gefe ya faɗi, saura kaɗan fuskarsa ta shiga garwashi.

Manoman da ke jira ne suka taya ni fito da shi gindin tsamiya. Inna ta fito ko mayafi babu, ta tsoma zane a ruwa ta lulluɓa masa, ta sa aka yi ta jan ruwan rijiya ana kwarara masa, ita tana yi masa fifita da faifai tana kiran sunan Allah. Jikinsa ya yi zafin da ba ka iya barin hannunka a kai. Sai wajen la'asar ya buɗe ido. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama kuma, hannun masaba, ya zama kaya a jikinsa, ka ɗaga ka saki ya faɗi.

Bayan kwana biyu na ɗauko tsani zan ɓamɓare kwanon in zubar a rami. Baba yana kwance a tabarma a inuwa, ya kira ni da harshensa da ya yi nauyi. "Bas shi. Kai kas sa shi, ba a cire shi. Aza mai kara bisa, ka kada bangon gabas da na yamma." Na yi yadda ya ce. Na jera karan dawa a kan kwanon, kaurin kamu guda, na ɗaure na danne da duwatsu, na rushe bango biyu zuwa gwiwa. A ranar ƙas-ƙas ɗin ya daina, iska ta dawo hanyarta, kwana uku randa ta koma yadda take. Aikin yini ɗaya ne kacal. Wannan ne ya fi ci mini rai, har na kasa daurewa na durƙusa gabansa na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun ranar da ya dawo. Ya dube ni ya ce, "Kai mi ya hana ka magana da kag ga bayana ya bushe?" Ashe ya ji lokacin da zugazugi ya tsaya.

Baba ya ƙara damina da dama a duniya, amma bai sake riƙe masaba ba. Kullum yana zaune a bakin maƙera, yana juya ƙota da hannun hagu yana duba mini aiki. Duk dukan da na yi, sai in ga kafaɗarsa ta dama ta motsa, kamar hannun yana son tashi ya bi sautin. Yana cin abinci, ba ya ciwo, amma yana ƙanƙancewa a idona. Mutumin da muryarsa ke kaiwa bakin rijiya ya koma sai ka sunkuya kake jin abin da yake faɗa. Zafi ne ya karɓe masa hannu, wannan gaskiya ne, kuma ni na jawo. Amma zaman nan shi ya cinye sauran, ina kallo, kuma tun a lokacin na ƙudurta cewa ni ba haka zan ƙare ba.

Na yi ƙira a ƙarƙashin kwanon nan mai hular kara har gemuna ya yi fari. Sai abin da ya tashi ƙauyukan Faskari ya iso kanmu, mutanen daji suka hana noma suka hana kasuwa, muka watse. Likita ya zo ya ɗauko ni. Ban fito da komai ba sai uwar maƙera da masaba da awartakin Baba. Tsamiya da dutse na bar su can. Na yi watanni a gidansa ina zaune ina kallon katanga. Yaron kirki ne, ya lura ina ramewa. Yana da gareji da ya gina wa motar da har yau tana hanya ba ta iso ba: bulo da siminti, rufin kwano babu silin, ƙofar ƙarfe, babu taga ko ɗaya. Ya sa aka yi masa fenti, ya kafa fankar sola a bango, ya kira maƙwabta, ya miƙa mini makulli a gabansu. Suka yi ta barka suna cewa Allah ya ba ni ɗa. Na shiga ciki, na ɗaga hannu kusa da kwanon, na sauke, na juyo na ce masa Allah ya yi masa albarka. Sai da maganar ta fita na ji muryar wanda na yi magana da ita.

To ka ga wauta irin ta tsufa. Na san ciwon, na san maganin, amma na yi shiru har bazara biyu. Gida ne na cikin gari mai fenti, mai gidan ma'aikaci ne da ake girmamawa, yaya zan ce a ɗora masa kara a ka kamar rumbu? Fankar tana ta juya mini iska mai zafi tana watsa mini toka a ido, ni ina cewa madalla. Ruwan firji ake kawo mini a leda, kafin in sha rabi ya zama na wanka. Haka na yi ta daurewa har ranar da na zube a kan buhun gawayi, aka rufe ƙofa aka sa kwaɗo.

Mako guda na yi a tabarma a ƙofar gida. Manoma suna zuwa da hauyoyinsu, wasu 'yan gudun hijira irina da suka samu aron gona a bayan gari, ina sallamarsu. Rana ta bakwai wani mai walda a tsallaken hanya ya ɗauki guduma yana dukan ƙarfe, sai na ji kafaɗata ta dama ta motsa da kanta. Na dubi kafaɗar nan, na ce a'a, ba da ni ba. Na aika wa wani manomin Ƙetare da na daɗe ina gyara wa galma, na ce ya kawo mini karan dawa cike da amalanke.

Washegari da Likita ya hau babur ya tafi aiki, na ɗauko guduma a wajen maƙwabci. Wai maƙeri za a kulle wa ƙofar ƙarfe. Ban taɓa kwaɗonsa ba, ta wajen maratayin ƙofar na bi, duka uku-uku ta sauko da kwaɗonta a jiki. Na shiga na fara fasa bulon bangon baya. Matarsa ta leƙo ta gani, kunya ta hana ta yi mini magana, sai ta buga masa waya. Ya iso ya tarar da ƙofa a ƙasa, rami a bango, amalanken kara a tsaye, shanu suna tuƙa. Ya ce, "Baba, mi ke nan kuma?"

Shi abin da ya sani game da kakansa, wani tsoho ne mai shanyayyen hannu wanda ciwo ya kama. Ban taɓa gaya wa kowa sauran ba, ko uwarsa. Na zaunar da shi a kan uwar maƙera na ba shi labarin tun daga Funtuwa har zuwa busasshen baya, ban rage komai don in gyara kaina ba. Sannan na ce, "Kakanka ya yi shiru don kada ya kunyata ni, ya rasa hannu. Na yi shiru bazara biyu don kada in kunyata ka, na kusa bin shi. Shirun gidanmu ya isa hakanan. Garejin ga naka tanderu ne, ɗana, kuma ba ni barin ƙira."

Ya tambaye ni idan na sake faɗuwa fa. Na ce za a binne randa a yashi, za a dasa dutse a inuwar turken lantarkin ƙofar gida, wanda ko ba ya kawo wuta yana kawo inuwa. Rana ta taɓa dutse, na rufe wuta. Ya auna ni kowace safiya da abin awonsa in yana so. Duk wanda kuma ya ga bayana ya bushe a gidan nan, ko matarsa ce, ya buɗe baki ya faɗa da ƙarfi, na yafe kunyar. Har yau ma bai ba ni makullin ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙofar tana jingine a bayan gida, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

A ranar dai, ina gama maganar na jingina tsani na ɗora ƙafa. Ya riƙo gefen rigata ya ce, "Sauka, Baba." Na juyo zan yi faɗa, sai na ga yana cire takalman aikinsa. Shi ya hau. Ni ina ƙasa ina miƙa masa damin kara ɗaya bayan ɗaya, ina gaya masa inda zai jera da inda zai danne, maƙwabtan da suka yi mana barka suna tsaye suna kallon Likita a kan rufi da kara a ka. Ina ɗaga kai ina kallonsa a can sama, sai tausayin Baba ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har na kasa ganin damin da ke hannuna. Hantsi ya wuce, kwanon da bai rufu ba ya fara ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa, saura layi biyu ya gama. Ya ce bari ya ƙarasa. Na dubi bayan rigarsa da kyau, yana jiƙe sharkaf, amma inuwar turken ta riga ta janye daga inda za a dasa dutsen.

Na ce masa, "Sauko ka sha ruwa. Sauran sai la'asar."